Muzurun Baba da Tattabarun Auta

Da hawaye Auta ta fara taka shagon Mai Walda, hannunta riƙe da fiffiken farar tattabara. Fiffiken kawai, sauran an cinye. Mai Walda ya ɗaga gilashin fuskarsa, ya tsaya kallonta har ƙarfen hannunsa ya huce.

"Malam, kana yin ragar ƙarfe?"

"Ina yi. Wa ya yi wannan ɗanyen aikin?"

"Da na sani ai da ba nan na zo ba."

Tattabarun na mahaifiyarta ne, Allah ya ji ƙanta, kuma kusan kullum sai an wayi gari babu ɗaya. Shagonsa na jingine da katangar bayan gidansu, amma duk da haka ya karɓi lambarta, wai saboda awon ragar. Awon da har yau bai ƙare ba. Kullum sai ya kira ta a waya, har kowa ya raɗa wa ɗaya suna.

"Uwar Garke, kin ci abinci kuwa, ko yau ma gadi kike?"

"Sarkin Tartsatsi, na kasa zama. Ko ganye ya motsa sai gabana ya faɗi."

"Nima gabana faɗuwa yake, amma ba ganye ne ya jawo ba."

Babu abin da ba ta yi ba. Ta sa raga, ta toshe ramin gafiya da siminti, ta rataya tsofaffin faya-fayan CD masu ƙyalli don korar shaho, ta sa an sare reshen da ya sauko kan kejin. Duk a banza. Tana wanke-wanke tana waige, tana guga tana kasa kunne, har ta ƙona wa Baba riga.

Baba tsohon direba ne. Tun rasuwar matarsa ya rage magana, abokin hirarsa ɗaya, wani jan muzuru da ya raɗa wa suna Kwandasta. Baba kuma yana son haɗa Auta da ɗan amininsa, Mai Kyamis, mutum mai turare da yawan shawara.

"Baba, ɓarawon nan ba daga nesa yake ba," in ji Mai Kyamis. "Ka lura da mai leƙen katanga."

Ai kuwa da yamma Baba ya kama Mai Walda tsaye kan durom yana leƙe. Kowa ya san abin da yake leƙe, ban da Baba.

"Sauka! Mara kunya! Ke kuma ki ji ni da kyau, ba zan ba ɓarawon tattabara 'yata ba."

Bayan 'yan kwanaki, da sassafe, saƙon Mai Walda ya shigo wayarta.

"Na ga ɓarawon. Ki yi min alƙawarin ba za ki faɗa ba."

Sai hoto. Kwandasta ne yana zare jiki ta ƙasan ragar, bakinsa cike da gashi. Nan take Auta ta kira Mai Walda.

"Yanzun nan zan nuna wa Baba! Ka fita daga zargi."

"Don Allah kar ki nuna, Uwar Garke. Ki ba ni lokaci."

"Wato muzuru ya fi ni daraja a wurinka ke nan?"

Ta kashe wayar. Ta ji haushinsa ƙwarai, ta kuma yi kewarsa fiye da haushin. Sau da yawa takan nufi Baba da hoton, sai ta tarar da shi yana shafa kan muzurun yana ba shi labarin hanya, ta juya. Tattabarun kuwa ta kwashe su ta kai ɗakinta cikin kwali, suka hana ta barci, ita ma ta hana su. Mai Kyamis ya yi ta sintiri da sabuwar mota.

Gwaggo ce, yayar Baba, ta shigo wata rana da wani sabon keji a kan kurar dako. Dogayen ƙafafu gare shi, kowace ƙafa da faffaɗan ƙarfe mai santsi kamar kifaffen mazurari, ragar kuma ko yatsa ba ya shiga.

"Daga ina wannan?" in ji Baba.

"Daga inda ba ruwanka. Ka matsa a ajiye."

Baba bai iya musu da yayarsa ba. Aka ajiye kejin, Auta ta zuba tattabarun a ciki.

Da la'asar Baba yana zaune kan kujerarsa, Auta na shara, sai ga Kwandasta yana sanɗa, cikinsa na jan ƙasa. Ya daka tsalle, ya kama ƙafar kejin, ya sulalo tim. Ya sake, ya sake sulalowa. Tsintsiya ta tsaya a hannun Auta. Baba ya bi muzurun da kallo. Ya miƙe ya nufi tsofaffin tayoyin da muzurun ke kwana, ya ɗaga ta sama. Gashin tattabara ne fal.

"Kira min yaron nan."

Mai Walda ya shigo ya durƙusa, hannunsa duk baƙin ƙarfe.

"Ka sani?"

"Na sani, Baba."

"Na kira ka ɓarawo a gaban mutane, ka yi shiru?"

"Da na faɗa, da ka kore shi, Baba. Ta katanga ina jin ku kuna hira. In ya tafi, da wa za ka yi?"

Baba ya juya fuska yana neman abin da bai ɓata ba. Auta kuwa kuka ta fashe da shi, na kunya da na so a haɗe.

"Ka yafe min, ɗana. Ka turo manyanka."

Mai Kyamis ya ji labari, motarsa ta manta hanyar gidan.

Ranar da za a kai amarya, ƙawaye suka tashi ɗaukar kejin, Baba ya tare su.

"A'a. 'Yata na bayar, ban da tattabaru. Su zauna nan, don ta riƙa zuwa ba su hatsi ina ganinta."

Ya kamo hannun Auta ya ɗora a na angonta.

"Wanda ya ji tausayin tsoho, ba zai ƙi jin na matarsa ba. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'yan da za su rufa muku asiri kamar yadda ka rufa min."

Gida ya amsa da amin, Auta ta ƙanƙame hannun mijinta.