Gashin da Ke Saman Matakala

Ƙarfe ɗaya da kwata na rana aka buga wa ofishin 'yan sanda waya cewa wata tsohuwa ta faɗo daga bene. Sufeto ya ture kwanon abincinsa ya kira Saje. Shekara ashirin da biyu yana wannan aiki, bai taɓa ganin gawar da ta jira mutum ya ƙoshi ba.

Sun tarar da ita a gindin matakala, an lulluɓa mata zanen gado. Malamar makaranta ce da ta yi ritaya, 'ya'yanta biyu. Babbansu injiniya ne, yana tsaye da makullin mota a hannu. Ƙanwarsa ma'aikaciyar jinya ce, ita ke zaune da tsohuwar, ga ta durƙushe ko kayan aiki ba ta cire ba.

A jikin gawar wani abu ne kwance. Sufeto ya ɗauka bargo ne, sai ya ga ya ɗago kai. Muzuru ne, amma bai taɓa ganin irinsa ba: tsawo ya kusa kamu biyu, gashi ruwan toka yana jan ƙasa, geza a wuya, tuntu a tsinin kunne, jela kamar tsintsiya. Bai gudu ba, bai yi huci ba. Ya dubi baƙin ya yi wani siririn kuka da bai dace da wannan uban jiki ba.

"Ga wanda ya kashe ta nan," in ji Injiniya. "Halinsa ne ya miƙe a matakalar sama ya tare hanya. Sha biyu da rabi na zo na same ta haka. Ku hau ku ga gashinsa." Ya juya ga ƙanwarsa. "Ke kika kawo mana shi. Na kira likitan dabbobi ya zo ya yi masa allura, a huta."

"Ni na kawo shi, Yaya," ta ce, kanta a ƙasa.

Sufeto ya yi atishawa. Shi da kyanwa ba sa ga maciji, kuma ya san yadda irin wannan take ƙarewa. A rubuta haɗari, a rufe fayil, a kashe dabba, wannan yarinya kuma dangi su riƙa nuna ta da baki har ta mutu. Abin bai kwanta masa ba, ya hau benen.

Gashin yana nan a matakala ta ƙarshe, curi guda, a dunƙule tsaf. Ya sa shi a leda, ya leƙa ɗakunan sama. Ya shafa labule, ya shafa darduma, ya dubi tafin hannunsa.

"Saje, dubi wandonka."

"Yallaɓai, ya zama na muzurun. Minti biyu kawai na yi a falo."

"Ƙasa ko'ina gashi, har cikin kofin shayi. Sama kuma ko sili ɗaya babu, sai wannan da aka ajiye mana kamar saƙo."

A ɗakin ƙurya ya ga ƙofar kabad a buɗe, rabin kayan ciki babu, ratayen tufafi a zube a ƙasa.

Ya sauko ya ja ƙanwar zuwa kicin.

"A ina mahaifiyarku take kwana?"

"A ƙasa. Bara ta sauko da gadonta. Kayanta ne kawai a sama."

"Me ya saukar da ita?"

"Gwiwa."

"Muzurun yana hawa bene?"

"Yana hawa."

Sufeto ya lura ba ta kalle shi ba. A kan taga ya ga wani mataji mai haƙoran ƙarfe, ya ɗauka. Fes yake.

"Na waye?"

"Na Janar, muzurun. Kullum bayan karin kumallo Mama take taje shi, in ba haka ba gashin ya cukurkuɗe."

"Wa ke cire gashin daga matajin?"

"Ni ce, in na dawo da yamma. Yatsunta ba sa iyawa."

"Yau kin cire?"

Ta dubi matajin, ta daɗe tana dubansa.

Likitan dabbobi ya iso da jakarsa, wani dattijo mai guntun gemu. Da ya ga wanda aka kira shi ya kashe, sai ya ajiye jakar a ƙasa.

"Janar? Wannan ko ɓera ya taka sai ya ba shi haƙuri. Irinsu haka suke, girma kamar kare, zuciya kamar jariri. Duk ɗakin da mai shi ya shiga, suna biye."

"Har saman bene?"

"Da can dai. Manyan irin nan ƙugu ke cin su, nauyinsu ya fi ƙarfin gaɓar. Ni na duba shi. Wata goma ke nan bai hau ko kujera ba. Saboda shi Malama ta sauko da gadonta, don ya riƙa kwana yana kuka a gindin matakala."

Sufeto ya sa Saje ya hau matakala uku da kwanon abincin muzurun. Janar ya taso a hankali, ya ɗora ƙafar gaba, ya yunƙura, ƙafafun baya suka ƙi. Ya zauna yana kallon kwanon.

Sufeto ya juya ga ƙanwar. Tausayinta yake ji, amma bai sassauta murya ba.

"Kin san wannan tun da yayanki ya buɗe baki."

Hawaye suka zubo mata. "Na rasa uwa yau, Yallaɓai. Yaya kaɗai ya rage mini."

"Yaushe rabonka da gidan nan?" Sufeto ya tambayi Injiniya.

"Ina zuwa."

"Yaushe?"

"Shekara ɗaya... da 'yan watanni. Aiki ya yi yawa."

"Shi ya sa. Muzurun da ka sani ka ɗora wa laifi, wanda ke kwanciya a sama. Da kana leƙo uwarka, da ka san ya tsufa tare da ita. Ba Saje makullin motarka."

A but ɗin motar aka sami akwati cike da tufafin tsohuwar, an cusa su ko ninki babu. Hannun akwatin ya tsinke ta gefe ɗaya.

Injiniya ya zauna a bakin kujera.

"Ƙarfe goma na zo. Mutane suna ta magana, wai ina da gida ɗaki shida na bar uwata. Na ce ta koma wurina, amma ban da muzurun, matata ba ta shiri da gashi. Mama ta ce inda muzurun bai je ba, ba ta zuwa. Na hau na haɗa kayanta. Ta biyo ni da gwiwar nan tata, ta riƙe akwatin a bakin matakala. Na fizga. Ban tura ta ba, wallahi. Fizga na yi."

"Nan take ta cika?"

"A'a."

"Ta yi magana?"

Ya rufe fuska da hannu. "Ta ce in tafi kafin ƙanwata ta dawo. Ta ce za ta ce zamewa ta yi."

"Ka kira motar asibiti?"

"Na ɗauka za ta tashi."

"Amma ka sami lokacin shiga kicin ka kwashe gashin mataji." Sufeto ya ji ransa yana tafasa, ya danne. "Tana kwance a karye tana neman rufa maka asiri, kai kuma ba ka yarda da ita ba, sai da ka nemi shaida. Ka tsallake ta ka hau, ka tsallake ta ka sauko, ka ja mata ƙofa."

Saje ya ɗaura masa ankwa. A bakin ƙofa Injiniya ya tsaya ya waiwayi ƙanwarsa.

"Ki yafe mini."

Ta share fuska da bayan hannu. Wannan karon ta kalle shi ido cikin ido.

"Na taɓa ta da na shigo bayan an kira ni, Yaya. Bayan sha biyu da rabi ne, amma jikinta da sauran ɗumi. Asibitinmu minti bakwai ne daga nan."

Saje ya riƙe shi a damtse suka fita.