Bokitin Baragurbi

Ni malamin kimiyya ne, kuma abin da zan faɗa babu shi a manhaja.

Matata ke da injin ƙyanƙyasar ƙwai, a ɗakin ajiya da ke bayan gida. Ranar tana kwance da zazzaɓi, ƙwai kuma sun isa dubawa. Daga kan gado ta koya mini aikin.

"Ka rufe ƙofa, ka kashe fitila, ka manna tocila a gindin ƙwan. In ka ga jijiyoyi da ɗan abu yana motsi, mai rai ne. In ka juya shi bai motsa ba, baragurbi ne. Bokiti."

"In barci yake fa?"

"Malam, don Allah. Bokiti."

Rana na faɗuwa na shiga. Ɗakin da ɗumi, yana warin tsohon buhu. Injin na gurnani ƙasa-ƙasa.

Na haska na farko. Ja kamar garwashi, jijiyoyi sun bazu, wani baƙin ɗigo yana iyo. Na mayar. Na gaba fayau yake kamar ruwa, na jefa a bokitin roba. Aikin ya fara yi mini daɗi. Wani ƙwan yana da jijiya amma ya ƙi motsi. Na ɗan girgiza shi, ban wani jira ba, na jefa.

Injin ya yi shiru. Na ce wuta aka ɗauke.

Tocila ta mutu. Na ce batir ne.

Sai haske ya taso daga bayana, inda babu komai sai bango.

Wani abu mai ɗumi ya manne a gadon bayana. Gaban rigata ya yi ja. Ina ganin haƙarƙarina ɗaya bayan ɗaya, da jijiyoyi a tsakaninsu.

Yatsu suka kama ni a wuya da ƙugu, dogaye, masu sanyi. Ƙafafuna suka bar ƙasa. Aka juya ni a hankali, kamar ana gudun kada in fashe.

"Wannan fa?" Muryar tsohuwa ce, cikin raɗa, daidai kunnena.

"Akwai jijiya," wata ta amsa daga wajen rufi.

"Motsi?"

"Shiru."

Na so in yi ihu, harshe ya ƙi. Addu'ar da na iya tun ina yaro ta ɓace mini. Jikina ya zama katako.

"Girgiza shi."

Aka girgiza ni. Haƙorana suka haɗu.

"Ko barci yake?"

"Da sauran aiki a gabanmu."

Aka jawo wani abu a ƙarƙashina. Ƙarfe ne, yana kartar siminti. Wari ya taso daga cikinsa, na ruɓa, amma ba na ƙwai ba.

Yatsun suka fara sassautawa.

Na tattara duk abin da nake da shi, ilimi da imani, na tura babban yatsan ƙafata.

Bai ji ba.

Na sake.

Ya motsa. Silifas ɗina ya suɓuce. Ban ji saukarsa ba.

"Ya motsa."



"Mayar da shi. A sake dubawa gaba."

Injin ya ci gaba da gurnani. Ina durƙushe a siminti, ƙafa ɗaya babu takalmi. Allah ya taimake ni, ta waje ƙofar take buɗewa, don ban tsaya neman mariƙinta ba.

Na gaya wa matata ɗakin yana buƙatar taga, ƙarancin iska na sa mutum gane-gane. Da rana, har ni ma bayanin yana gamsar da ni. Ta share ɗakin kaf, ba ta ga silifas ɗin ba.

Yanzu ƙorafinta ɗaya ne: ƙafata ba ta hutawa. A aji, a kujerar aski, har cikin barci tana kaɗawa. Likita ya ce damuwa ce, in riƙa zama shiru ina jan numfashi. Na yi masa godiya.

Ban gwada ba. Ba su faɗi ranar sake dubawa ba.