Saƙon da Ya Fito a Allon Aji Uku

Ranar da Muhsinat ta fara ganin Haidar, faɗa ne ya kawo shi ajinta.

Sabuwar malama ce a wata firamare mai zaman kanta a Al Nahda, can gefen Dubai inda ake haɗa iyaka da Sharjah. A makarantar kowane yaro da tablet ɗinsa, kowane aji da babban allo a bango wanda malami ke haɗawa da nasa tablet ɗin, duk abin da ya buɗe yara su gani. Muhsinat kuwa tun da ta kama aiki a 2018 ta tattara na'urorin aji uku ta kulle a durowa, ta raba wa yara fensir da takarda.

Shi kuma Haidar shi ke kula da na'urorin makarantar. Daga ofishinsa yana ganin ajin da ya kunna da wanda bai kunna ba, kuma aji uku shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa.

Ya tsaya a bakin ƙofa da wayoyin caji rataye a wuya, ya fara yi mata bayani da Turanci. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ga wani kuma an turo."

"Ba turo ni aka yi ba, Malama, da ƙafata na zo," ya ce da Hausar Zazzau tsantsa.

Kunya ta kama ta, amma Muhsinat ba ta cikin matan da kunya ke kashe wa baki. "To madalla, an huta da fassara. Rabin yaran nan ba su iya riƙe fensir ba. Yatsa kawai suka sani. Sai sun iya rubuta sunansu da hannu zan buɗe durowar nan."

"Iyayensu sun biya kuɗin tablet."

"Kuɗin karatu suka biya."

Ya yi dariya, ita kuma ta ji haushin yadda dariyar ta yi masa kyau. Bai kai ƙararta ba. Washegari ya dawo da shawara: rabin darasi fensir, rabi tablet, kuma zai saka musu manhajar da yaro ke ɗaukar hoton rubutun hannunsa ya tura wa malama. Ta yi kamar ba ta so, daga baya ta yarda. Tun daga nan na'urorin aji uku suka shiga lalacewa fiye da na kowane aji, domin kusan kullum sai ka ga Haidar ya zo gyaran abin da lafiyarsa ƙalau.

Ya sa mata suna Malama Fensir. Ta sa masa Mai Caja.

Akwai manhajar da ma'aikatan makarantar ke tura wa juna saƙon aiki. Nan suka fara, da sunan aiki.

"Malama Fensir, tablet na bakwai ya daina wahalar da ke?"

"Ya daina. Mai gyaransa ne bai daina ba."

"Wannan ba shi da gyara, sai dai a karɓe shi yadda yake."

"Za a duba."

Ta duba ɗin kuwa, ta ga tana son sa. Ba ta ɓoye wa kanta ba, ba ta kuma ɓoye wa Baffa Ɗalhatu ba, ƙanin mahaifinta da take zaune a gidansa, wanda mahaifinta ya danƙa wa maganar aurenta tun ranar da ta baro Kano.

Baffa ya ajiye kofin shayinsa. "Mai gyaran waya? Ke da digirinki? Ga Salmanu nan yana ta zarya, mutum mai ofishin kago, na jigilar kaya, a International City, ya san gidanmu mun san nasu. Wannan yaron albashi ɗaya gare shi, ranar da aka ce khalas, aiki ya ƙare, bizarsa ta mutu, sai jirgi."

"Baffa, ni ma albashi ɗaya gare ni."

"Na faɗa miki dai. Kada in sake jin sunansa."

Ba ta sake faɗin sunan a gida ba. Amma duk ranar da Salmanu ya zo da turarukansa da labarin kwantenoni, gaisuwa kawai take yi ta koma ɗaki gyaran aikin yara.

Ana cikin haka aka sa ranar da iyaye za su zo kallon darasi, a ƙarshen 2019. A duk taron malamai Haidar magana ɗaya yake nanatawa: kafin ka haɗa tablet da allon bango, ka kashe fitowar saƙo. Ana gobe iyaye za su zo ya karɓi tablet ɗin Muhsinat ya sabunta komai don kada ya ba ta kunya, ya mayar mata. Sabuntawar ta sake kunna saƙonni, shi kuma bai duba ba. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

Aji ya cika da iyaye, Larabawa da Indiyawa da 'yan Sudan, shugabar makarantar tana tsaye a baya. Muhsinat tana nuna rubutun hannun yara a allo ɗaya bayan ɗaya, iyaye suna murmushi, sai wani saƙo ya sauko daga saman allon, manyan baƙaƙe kamar an yi don makafi:

"Malama Fensir, ki natsu, za ki burge su. Ni dai kin gama burge ni tuntuni. Duk allon da na kunna fuskarki nake gani. Naki har kullum, Mai Caja."

Da a ce babu Bahaushe a ajin, da an ɗauka saƙon aiki ne. Amma a layin gaba akwai Hajiya Khadijatu, uwar wani ɗalibi, kuma yayar Salmanu uwa ɗaya uba ɗaya. Kafin Muhsinat ta share saƙon, Hajiya ta ɗaga waya ta ɗauka. Ta juya ga matar da ke kusa da ita ta fassara mata da Turanci, da muryar da har na baya suka ji.

Muhsinat ta share saƙon. Ta dafa tebur, ta ce wa yara, "Ku ɗauko fensir," ta ƙarasa darasinta har ƙarshe.

Kafin la'asar hoton ya zaga rukunin matan Hausawan Dubai da Sharjah. Shugabar makarantar ta kira Muhsinat ta yi mata magana a hankali. Dokar makaranta ta hana amfani da manhajar aiki don irin wannan, iyaye kuma sun yi ƙorafi. Amma akwai mafita: idan Muhsinat ta ce shi ke damun ta da saƙonni ba da son ranta ba, shi za a sallama, ita ta ci gaba da ajinta. Ta je ta yi tunani, gobe ta dawo.

A bakin ofishin ta haɗu da Louisa, 'yar Kafanchan da ke karɓar baƙi a makarantar, wadda suke cin abincin rana tare. Louisa ta ja ta gefe.

"Ƙawata, Haidar ya riga ki shiga fa. Na ji da kunnena. Ya ce babu komai tsakaninku, ba ki taɓa kula shi ba."

Wannan maganar ta fi hoton yi mata ciwo. Duk Dubai ta karanta cewa yana son ta, shi kuma ya shiga ofis ya ce babu komai. A cikin bas ta rubuta masa, wannan karon ta wayarta:

"Ashe babu komai tsakaninmu? Na gode da ka sanar da ni."

Amsa ta zo nan take: "Muhsinat, ni na yi kuskuren, ni ya kamata in tafi. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ki ce abin da shugaba ta ce ki faɗa. Yaran nan suna buƙatar ki."

Ta karanta sau biyu, hawaye ya zubo, haushin kuma bai tafi ba, sai ma ya ƙaru. Wato shi ya yanke musu hukunci su biyu, ya zaɓa mata ta yi ƙarya a kansa ta ci gaba da cin albashi. Ta rubuta: "Ba ka tambaye ni ba, Mai Caja." Ta kashe wayar.

A gida ta tarar da Baffa ya cika ya batse. Shi ma hoton ya iso shi, ta hannun mutum huɗu daban-daban. Ya ce gobe da kansa zai raka ta, sai ya ga an kori yaron da ya zubar masa da mutunci.

Da safe suka haɗu a ofishin shugaba: Baffa a kujera, Haidar a tsaye kansa a ƙasa, Muhsinat da tablet a hannu. Shugaba ta tambaye ta ko ta yi tunani.

"Na yi," in ji ta.

Akwai allo a bangon ofishin irin na aji. Ta haɗa tablet ɗinta da shi yadda Haidar ya koya mata, ta buɗe hirarsu tun daga farko. Ta riƙa jan ta a hankali da yatsa, tana fassara wa shugaba nata saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Wannan ni na rubuta. Wannan ma ni ce. Wannan da na ce ya zo tablet na bakwai ya lalace, lafiyarsa ƙalau, ganin sa nake son yi. Mun yi amfani da manhajar aiki, laifi ne, na yarda. Amma laifin mu biyu ne. Ba zan ce ya dame ni ba, domin bai dame ni ba."

Haidar ya ɗago. "Muhsinat, don Allah..."

"Kai ka yi shiru, jiya ka yi taka maganar." Ta juya ga baffanta, ta rusuna, muryarta ta yi laushi amma ba ta karye ba. "Baffa, ka gafarce ni. Ka karanta da kanka, babu kalmar da zan ji kunyar Abba ya gani. Shi nake so. In ka hana, ba zan aure shi a bayan idonka ba, amma ba zan yi masa ƙazafi ba, kuma ba zan auri Salmanu ba."

Shugaba ta ce to, tunda haka ne babu yadda za ta yi da iyaye: su ƙarasa zangon, dukansu biyu su nemi wani wuri. Ba za ta rubuta musu mummunar shaida ba.

Suka shiga mota ita da Baffa, suka kama hanyar gida. Muhsinat tana kallon titi, tana tunanin yaran aji uku da wata malamar za ta karɓa, zuciyarta na ƙuna. Sai da suka kusa gida ta ji ya ce, kamar da sitiyari yake magana, "Khadijatu ta san lambata. Da auren mutunci take nema wa ƙaninta, ni za ta fara kira, ba rukunin mata ba." Ya dube ta. "Shi kuma wancan ya yarda a kore shi don ke, ke kin yarda a kore ki don shi. Mahaukata biyu. Ki ce masa ya turo manyansa."

Ba a sha da daɗi ba bayan nan. Haidar ya sha yawo kafin ya samu aiki a wani ƙaramin kamfani da ke gyara na'urorin makarantu. Muhsinat tana cikin nema annobar korona ta rufe makarantu, yara suka koma karatu daga gida. Iyayen tsohon ajinta, waɗanda suka ga rubutun 'ya'yansu a allo a ranar nan, suka fara kiran ta ɗaya bayan ɗaya tana yi musu darasi ta tablet. Matar da ta kulle na'urori a durowa ta wayi gari da su take ci, sai dai kowane darasi da magana ɗaya take buɗe shi, su ɗauko fensir.

A Kano aka ɗaura auren, a ƙarshen 2020, ba ango ba amarya saboda wahalar tafiya. A falon Baffa Haidar ya haɗa tablet ɗin Muhsinat da talabijin ana kallon ƙofar gidansu Muhsinat kai tsaye. Baffa da ango da abokansa biyu suna gaba, mata suna baya, Louisa riƙe da hannun amarya. Aka yi siga, aka shafa fatiha, muryar mahaifinta ta fito: "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ɗayyiba."

Ana cikin amin sai saƙo ya sauko daga saman talabijin, manya-manyan baƙaƙe, a gaban kowa:

"Malama Fensir, matata. Yau da gangan na bar fitowar saƙo a kunne."

Falon ya ɗauki dariya. Baffa ya gyara tabarau ya karanta har ƙarshe, ya girgiza kai ya ce, "Yaron nan ba zai gyaru ba. Allah ya bar ku tare."

Muhsinat ta ja mayafi ta rufe fuska, ta lalubo wayarta a ƙarƙashinsa. Haidar ya taɓa tablet ɗin ya buɗe hirarsu, amsarta ma ta fito a allon, kowa ya karanta:

"An duba, Mai Caja. An karɓe ka yadda kake."