Waifan da Bai Ɗauke da Wuta Ba

Ranar Litinin, minti ashirin da fara jarrabawar 'yan ajin ƙarshe, malamin da ke sa ido ya zaro wata takarda daga safar wani ɗalibi. Tambayoyin jarrabawar ne a buge tsaf, guda bakwai, alhali shida ne a takardar da aka raba. Ta bakwai ɗin Farfesa, wanda ya tsara tambayoyin, ya cire ta tun ranar Juma'a, kuma waje ɗaya kawai ta taɓa shiga: imel ɗin da ya aika wa sakatariyar sashe domin ta buga. Ɗalibin ya rantse cewa wata lamba da bai sani ba ce ta turo masa. Kafin la'asar an soke jarrabawar, an miƙa wa sakatariya takardar dakatarwa, an ce ta bayyana gaban kwamiti ranar Alhamis.

Sakatariyar nan yayar Injiniya ce uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne mai kula da intanet na jami'ar. Shekara talatin da ɗaya tana buga takardu a ofis ɗin, saura wata tara ta yi ritaya. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har yau da furfurarsa Auta take ce masa a gaban kowa. In kwamiti ya same ta da laifi, korar wulaƙanci ce.

Injiniya ya same ta a gida tana ninke kayan wanki, ido a bushe. Shi da ya shiga da niyyar rarrashi sai ya tsinci kansa yana yi mata tambayoyi kamar ɗan sanda. Ta ce ba ta taɓa ba kowa kalmar sirrinta ba, ba ta rubuta ta a ƙasan tebur ba, ba ta kuma buɗe imel a wayar wani ba.

"Yaya, ki tuna dai. Babu wani abu da ya sauya kwanan nan?"

"Sau uku na zo ofishinku, Auta. Na ce kwamfutar tana tambaya ta kalmar sirri sau biyu. Me ka ce mini?"

Ya san abin da ya ce. Kashe ki kunna. Shi yake faɗa wa kowa, daga Farfesa har mai shara, yana kallon allonsa ko kai bai ɗago ba.

Washegari ya ɗauko littafin koke na ofishinsu, wanda rabon da ya buɗe shi da kansa har ya manta. Haushin kansa ya kama shi tun a shafi na biyu. Cikin mako uku, koke goma sha ɗaya daga bene na biyu na ginin sashen Yaya, duk magana ɗaya: waya ko kwamfuta ta hau waifan jami'a, wato intanet mara igiya, ta nemi kalmar sirri, ta katse, ta sake nema. A gaban kowane koke an rubuta "an gyara" da hannun abokin aikinsa, wani dattijon ma'aikaci da ake kira Dogo, wanda suka shekara takwas suna raba ofis ɗaya da buta ɗaya ta shayi. Dogo ya ce ai tsofaffin kwamfutocin sashen ne, shi ma sun gajiyar da shi da hawan bene.

Injiniya ya duba bayanan imel ɗin Yaya. An buɗe shi ranar Asabar da rana, daga cikin jami'a, da kalmar sirrinta daidai, lokacin tana gida. Wannan ba zai wanke ta ba. Kwamiti zai ce ita ta ba wani.

Injiniya ya fara bincikensa da jami'in jarrabawa, mutum mai saurin fushi da ke riƙe da makullin akwatin takardu. Wannan ya nuna masa rajista: takarda mai tambaya shida ya karɓa ranar Juma'a da yamma, a rufe da hatimi, bai taɓa ganin ta bakwai ba. Farfesa ya tabbatar, ya kuma riƙe Injiniya rabin awa yana yi masa lacca a kan lalacewar ma'aikatan zamani. Sai mai shagon kwafi da ke ƙarƙashin matattakala, wanda duk sashen ke zargi saboda ɗalibai a wajensa suke wuni. Injiniya ya tambaye shi ko yana da rauta, wato akwatin da ke raba waifai.

"Ni? Ranka ya daɗe, wayata ma ta dannawa ce. Duba ka gani."

Ya duba shagon lungu-lungu. Injin kwafi biyu, fanka, tabarmar sallah. Babu ko igiyar intanet.

Rana ta yi tsaka, bai samu komai ba sai ciwon kai. Ya roƙi makullin ofishin Yaya ya zauna a kujerarta, wadda ta lotsa daidai jikinta, yana kallon carbinta da ta manta a kan tebur. A nan wuta ta ɗauke. Fanka ta tsaya, a ƙasa aka ji ɗalibai sun yi tsaki baki ɗaya. Ya zaro wayarsa don duba lokaci, sai idonsa ya tsaya a saman allon. Waifan jami'a na nan, sandunansa a cike.

Duk wanda ke aiki a ofishinsu ya san rautocin ginin nan ba su da batir. Shi da kansa ya rubuta takardar neman batir sau huɗu ba a sa hannu ba. In wuta ta ɗauke, waifai yakan mutu minti uku zuwa huɗu kafin janareta ya tashi. To wannan da ke raye na wane ne?

Ya latsa. Shafin shiga ya buɗe, da tambarin jami'a da gurbin suna da kalmar sirri. Amma shafin kore ne. Na jami'a shuɗi ne. Ya daɗe yana kallonsa, don ya san koren shafin nan kamar tafin hannunsa. Shi ya zana shi. Sabon shafi ne da za a fara amfani da shi zangon karatu mai zuwa, kuma bai taɓa fita daga kwamfutar ofishinsu ba.

Ya kira Yaya ya tambaye ta kalar shafin da ke neman kalmar sirrinta. Ta ce wani lokaci kore, wani lokaci shuɗi, har ta yaba koren a ranta, ta ɗauka aikinsa ne.

Kafin janareta ya tashi ya fita baranda yana bin sandunan wayar. Wajen matattakala suna raguwa, wajen ɗakin ajiye tsintsiya suna cika. Ya hau kan wani tsohon tebur ya ɗaga allon silin. Ga ta nan, ƙaramar rauta da batir ɗaure a jikinta da baƙin salatif. Ya juya ta. A ƙasanta akwai lamba da jan fenti, irin wadda suke sa wa duk kayan ofishinsu. Ya haddace lambar, ya mayar da komai yadda ya same shi.

A rajistar sito, lambar tana cikin kayan da suka mutu aka zubar wata biyu da suka wuce. Dogo ne ya sa hannu. Amma Injiniya ya san abin da kwamiti zai gani: mutum biyu ne ke da makullin sito, mutum biyu suka san koren shafi, kuma ɗayansu ƙanin wadda ake zargi ne. Ya je ya zayyana wa shugaban masu tsaro komai. Mutumin ya saurare shi har ƙarshe, ya ce maganar ta shige shi, amma shi hannu yake so ya kama a kan kaya.

Ranar Laraba da safe, suna shan shayi, Injiniya ya ce wa Dogo ya gaji da koken bene na biyu, ƙarfe biyu zai je da masu tsaro su buɗe silin ɗin barandar kaf. Dogo ya ce hakan ya yi, ya ƙara sukari.

Ƙarfe goma sha biyu da rabi, lokacin da baranda ta yi shiru, Dogo ya hau bene da tsani a kafaɗa. Ba wanda ya kalle shi, don ma'aikacin intanet da tsani ba abin kallo ba ne. Bai yi lalube ba. Allo ɗaya ya ɗaga, ya zura hannu. Yana saukowa da rautar, shugaban masu tsaro ya buɗe ƙofar ɗakin tsintsiya, Injiniya na bayansa.

"Gyara na zo yi," in ji Dogo.

"A baranda mai allo tamanin, ya aka yi ka san wanda za ka ɗaga?"

Dogo ya kalli rautar, ya kalli Injiniya. "Ni ban yi don Yaya ba. Wallahi ban zaci a kanta zai faɗo ba."

"Kana shan shayinta duk Juma'a," Injiniya ya ce.

Ranar Alhamis ya tsaya gaban kwamiti ya yi bayani dalla-dalla. Waya da kwamfuta suna kawai suke ganewa. In waifai biyu suka zo da suna ɗaya, wanda ya fi ƙarfi suke hawa. Dogo ya sa wa rautar sunan waifan jami'a, ya ɗora ta kusa da ofishin sakatariya. Duk wanda ya rubuta kalmar sirri a koren shafi, rautar takan ajiye ta, ta katse, sai na'urar ta koma kan na gaskiya ta sake tambaya. Kalmar da ke buɗe waifai ita ke buɗe imel, da ita ya shiga ranar Asabar ya kwashe tambayoyin ya tura wa masu saye. Abu biyu suka tona shi. Ya sa batir don kada a ga igiya ta sauko daga silin, ya manta cewa a ginin nan waifai mai rai bayan ɗaukewar wuta baƙo ne. Kuma da zai kwafi shafin shiga, sai ya ɗauki wanda ya fi kusa da hannu a kwamfutar ofis, wanda ba a fitar ba tukuna.

Farfesa, wanda ke zaune cikin kwamitin, ya gyara tabarau ya tambaya ko cikin mako ukun nan babu wanda ya lura ya kai ƙara. Yaya na zaune a gefe, hannuwanta a cinya. Injiniya ya kalle ta. Zai iya cewa Dogo ne ke karɓar koken, kuma gaskiya ne.

"An kai, ranka ya daɗe. Sakatariya ta kai sau uku, ni ta samu. Na ce ta kashe ta kunna."

Aka rubuta. Kwamiti ya wanke sakatariya, ya miƙa Dogo ga 'yan sanda, ya ba Injiniya takardar gargaɗi ta farko a rayuwar aikinsa. Ba a dai ce komai a kan batir ɗin rautoci ba.

Ranar Litinin Yaya ta koma kujerarta. Wajen ƙarfe goma wayar ofishin Injiniya ta yi ƙara, Yaya ta ce injin bugawarta ya ƙi fitar da takarda.

"Na kashe na kunna, Auta, kafin ka ce."

Ya ajiye shayinsa da zafinsa, ya ɗauki jakar kayan aiki. Lifta ba ta aiki, ya hau benen da ƙafa.