Ƙafar Auta

Ana cikin warware bandejin ƙafarta aka turo ƙofar ɗakin wankin ciwo na asibiti. Auta ta ɗago kai.

Inna ce, mahaifiyar Malam, saurayin da take shirin aura.

"Ina kwana, Inna..." ta faɗa, tana ƙoƙarin rufe ƙafar da mayafinta.

"Bar shi a buɗe. Abin da na zo gani ke nan."

Auta tela ce, tun tana ƙarama take fama da ciwon suga. Wata rana ta taka ƙusa a shagonta, ba ta ma ji ba sai da ta ga jini a takalmi. Ciwon da bai kai ƙwayar ido ba ya yi ta ci har ya zama rami a tafin ƙafa. An wanke, an sha magani, an yi allurai, ya ƙi haɗewa. Da likitoci suka fara zancen yankewa daga idon sawu, sai wata likita ta gaya mata akwai sabon man shafawa da ake gwadawa. Ba ta ɓoye mata komai ba: ba a tabbatar da amfaninsa ba, kuma wasu za a shafa musu na gaske, wasu wanda babu magani a ciki, ita kanta likitar ba ta san na wa ne wanne ba.

Auta ta yi shawara da iyayenta, ta ce ta amince.

Malam, mai koyar da lissafi a makarantar unguwarsu, shi ke kawo ta duk ranar wanki kafin ya wuce aji. Amma 'yar ƙanwar Inna, wadda ta daɗe tana son ya aure ta, ta kai gulma gida. Ta ce ƙafar ta ruɓe, yarinya ta ba da kanta ana gwaji da ita kamar ɓera, kuma jinya Malam zai auro ba mata ba. Inna ta rantse ba za a yi auren ba.

Yanzu ga ta tsaye, tana kallon nas na goge mataccen nama daga bakin ciwon. Auta ta damƙe ƙarfen gado, gumi na tsattsafo mata. A gadon gefe wani dattijo ne ke cikin fargaba don shi za a yi wa na gaba. Ta juya tana tsokanarsa, wai in ya yi kuka sai ta gaya wa jikokinsa. Har ya yi dariya.

"In kuma man shafawar naki babu magani a ciki fa?" Inna ta tambaya.

"To, da ni za su gane bambancin, Inna. Wanda zai zo bayana ya samu."

"Ɗana fa? Shi ma da shi za a gwada?"

Idon Auta ya ciko.

"Na ce masa ya tafi... Wallahi na ce masa. Ban riƙe shi ba."

Inna ta fita. A baranda ta tarar da ɗan nata riƙe da takalmin Auta guda ɗaya. Ya durƙusa ya ce ba zai saɓa mata ba, in ta hana ya hanu, amma ta sani bai taɓa ganin mace mai zuciyar Auta ba. Inna ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce ya wuce makaranta kada ya makara, ita za ta mayar da yarinyar gida.

Daga ranar Inna ta karɓe rakiyar. Ta koyi auna suga, ta koyi duba tsakanin yatsu, ta kuma kori 'yar ƙanwarta da faɗan da maƙwabta suka jiyo.

Sauƙin bai zo da arha ba. Ƙaramin yatsan ƙafar ya yi baƙi, dole aka cire shi. A ranar, Auta ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa.

"Malamina, an rage maka ni..."

"Ni ke koyar da lissafi, rabin raina," ya ce yana share mata hawaye. "Na ƙirga, ban ga abin da ya ragu ba."

Sannu a hankali naman ya fara ja, ramin ya dinga tsukewa. Ranar da likita ta danna wurin ta ce ya haɗe, Inna ce ta fara fashewa da kuka, har nas ta ɗauka ita ce uwar.

An ɗaura aure bayan Auta ta fara takawa babu sanda. Da aka kawo amarya, wata gwaggon ango ta sunkuya tana raɗa wa ta kusa da ita cewa ai yatsunta ba su cika ba. Inna ta ji. Ta taso daga cikin mata, ta kama hannun Auta, ta zaunar da ita a gefenta.

"Eh, da yatsu tara ta shigo gidana," ta ce, yadda kowa zai ji. "Cikinku masu goma, a nuna mini wadda ta fi ta tsayuwa."