Harafin da Aka Manna wa Jan Tef

Babban ɗana ne ya raba ni da ganin fuskar Auta, kuma yana sane. Ban yi boko ba, amma na san mugunta in na gan ta.

Auta na buga takardu a shagon kwamfuta ranar da Mai Gyara ya fara shigowa. Ya tarar tana laluben manhaja, kwastoma na tsaye yana tsaki. Ya buɗe baƙin allon nan na umarni, ya ce hanya biyu ce: ko a yi wa manhajar laƙabi, harafi ɗaya ta buɗe, ko a rubuta umarnin a fayil, a kwafa a ajiye.

"Laƙabin nake so, ya fi sauri."

"Ranki ya daɗe, ranar da aka wanke kwamfutar ya tafi ke nan."

"Sai ka riƙa zuwa kana mayarwa."

Ya kuwa riƙa zuwa.

Da Mai Gyara ya nemi aurenta, yayanta ya ce sam, abokinsa mai shagon taya ya yi wa alkawarinta. Ya hana ta aiki. Yarinya ta rame, wuya duk ƙashi. Tana kuka ta karanta mini saƙon Mai Gyara: "Hasken idona, ina nan, ba inda za ni. Ki ci abinci don Allah." Na miƙe na ce ni na haife ta, ba yayanta ba. Aka ɗaura aure.

Aiki ya kai su wata ƙasa. Kafin tafiya surukina ya zaunar da ni gaban tsohuwar kwamfutar falo, ya manna jan tef a kan harafi guda. In danna shi, in danna babban maɓalli, manhajar kira ta buɗe, in ga fuskar Auta. Ya so ya rubuta fayil ya ajiye a filas, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, Auta ta ce, "Haba Nawa, yi wa Mama laƙabi kawai." Ya yi dariya, ya bi ta.

Satin jiya ɗan nawa ya zo, wai kwamfutar ta yi nauyi, ya wanke ta tas, ya goge duk abin da ke ciki. Yana tsaye aka manna tef ɗin nan! Yanzu ina dannawa, wani rubutu ke fitowa da ban iya karantawa ba. Surukina ya yi ta kwatanta mini a waya, na kasa. Auta kuwa ta shiga watan haihuwa.

Allah ya yi wa aurensu albarka, ya sauke ta lafiya. Kai kuma babban ɗana, ka zo gaban kawunka ka faɗi abin da na yi maka, sannan ka zauna ka kira surukin da ka ƙi, ku mayar mini da harafina.