Rigunan Kofin da Ba a Ci Ba

"Wallahi Yaya, in na ƙara tuntuɓe da katan ɗin nan, ta taga zan jefa shi!"

Mijina Zayyad bai ko waiwayo ba. Idonsa na kan talabijin, yana kallon kaset ɗin nan da ya sha kallo har hoton ya fara layi-layi. Wasu ƙarti masu kwalkwali suna ture juna a kan wata ƙwallo mai kama da gwanda.

"Ki bi a hankali, rabin raina. Ba ke kaɗai ba ce."

"Au, ka tuna? Na ɗauka ka manta akwai ciki a ɗakin nan!"

"Haba Radiyya..."

"Haba me? Kuma wace tagar ma zan jefa shi? Ai ka toshe ta."

Gaskiyata na faɗa. Ɗaki ɗaya gare mu a saman wani bene a titin Liuhua Lu, a birnin Guangzhou, kuma katan-katan sun cinye shi daga ƙasa har sama. Ta wani ɗan lungu nake bi daga gado zuwa banɗaki, a karkace, ga ciki ya tsufa. Rana ba ta shigo mana. In na gaji na sauka ƙasa, duk abin da na nuna wa mai shago sai ta girgiza kai ta ce "meyo", wato babu. Sai in hawo in zauna ina kallon kwali.

Abin da ke cikin kwalayen riguna ne, kore da ruwan ɗorawa, na wata ƙungiyar ƙwallon Amurka. Ba irin ƙwallonmu ba ce, ta hannu ce da kokawa. Bara ƙungiyar ce ta ɗauki kofi, kuma kowa ya ce bana ma babu mai tare ta. Imoro, ɗan Gana mai aika kaya da muke hawa ɗaya da shi, yana da ƙane mai sayar da riguna a bakin titi a New York. Shi ne Yaya ya yi dabara. Tun kafin a buga wasan ƙarshe ya je kasuwar tufafi ta Shisanhang ya sa aka buga riguna da Turanci, wai ZAKARUN DUNIYA 1998, don a wayi gari a ɗora su a jirgi su riga na kowa isa. Duk jarinsa ya zuba.

Ranar wasan, a watan Janairu, da safe ya fita zuwa babban otal ɗin da ke da tauraron ɗan'adam, yana ta yi mini dariya.

"Yau ki fara zaɓen kalar motarki, gimbiya."

Da azahar ya dawo kamar an tsamo shi daga ruwa. Bai ce mini sun faɗi ba. Cewa ya yi, "Alƙalin wasa ne." Tun daga ranar kalmar faɗuwa ba ta taɓa fitowa daga bakinsa ba.

'Yan Kano da ke zuwa sari suka sa masa suna Mai Kofi. Ya daina bin hanyar da suke bi. Ko masallacin Juma'a sai an tayar da salla yake shiga, ana sallamewa ya sulale. Mutumin da a da in ya shigo sai benen ya ɗauki dariyarsa, ya koma shi da kaset. Ina sonsa, Allah ya sani ina sonsa, amma akwai ranakun da nake kallon ƙeyarsa in ji kamar in rushe da ihu.

Muna cikin wannan faɗan aka ƙwanƙwasa ƙofa.

"Amarya, ka buɗe! Na kawo maka baƙo!"

Imoro ne. Hausarsa ta zango ba ta raba mace da namiji, kowa "ka" ne a wurinsa. Na buɗe, sai na ga farar babbar riga a bayansa.

"Abba!"

Mahaifina, Alhaji Salihu, ɗan kasuwar yadi ne a Kantin Kwari. Ya zo baje kolin watan Oktoba. Na durƙusa da ƙyar ina gaishe shi, hawaye na zuba. Ya miƙo mini jaka, tun kafin in buɗe na ji ƙanshin daddawa da kilishin Umma.

Yaya ya kashe talabijin da sauri ya zube ƙasa.

"Sannu da zuwa, Abba. An sha hanya."

Abba ya duba hagu ya duba dama, babu kujera. Ya tattara rigarsa ya zauna a kan katan. Ya daɗe yana kallona, ya kalli ƙafafuna da suka kumbura, sannan ya kalli inda taga take.

"Zayyad, uwarta ta aiko ni. Haihuwar fari ce, a gida ake yinta. Goyon ciki za ta je. In aka ƙara jinkiri, jirgi ba zai ɗauke ta ba. Kai ma ka haɗa kayanka, ranar Litinin za mu tashi."

"Abba... a ƙara mini zuwa Janairu."

"Me ake rabawa a Janairu?"

Yaya ya zaro riga ɗaya.

"An fara sabuwar kaka, Abba, kuma sun ci wasanninsu na farko. Farfaɗowa suke yi. Ƙungiya irin wannan ba ta kwanciya. In suka ɗauki kofin, lamba ɗaya ce kawai za a gyara, takwas ta koma tara. Lawban ɗin, wato mai shagon da ya buga, ya ce zai iya. Sai dai dole ina nan, a daren za a yi aikin."

Abba ya juya rigar gaba da baya.

"Ƙwallon nan, da ƙafa ake bugawa?"

"Da hannu, Abba."

"To." Ya ninke rigar ya ajiye a gwiwarsa. "Lokacin da ka zo neman Radiyya, 'yan'uwana sun ce kai ɗan gaggawa ne. Ni na ce a ba ka. Ban zo in ci maka fuska ba, kasuwa kowa tana kayar da shi. Amma ba zan bar 'yata ta haihu a tsakanin kwalaye tana jiran wasu ƙartin da ba su san da zamanta ba. In ka biyo ta, matarka ce. In ta shiga jirgin nan ita kaɗai, to ka sauwaƙe mata."

"Abba!" na faɗa da ƙarfi.

"Ban yi da ke ba, Radiyya."

Ya tashi ya fita. Imoro ya bi shi sum-sum, ko sallama bai yi ba.

Washegari da hantsi na zauna kusa da Yaya na riƙe hannunsa.

"Masoyina, mu tafi gida. Don Allah."

"Da wane ido? In sauka a Kano da jakar hannu? Ni da na ce ba zan dawo ba sai da kwantena? Kafin in kai Fagge yara sun fara kirana Mai Kofi."

"Su kira mana! Sau nawa za su kira su gaji?"

"Ke ba ki gane ba. Ki ce wa Abba ba za ki je ba. Ki zauna da ni, Radiyya. Janairu kamar gobe ne."

"In ce wa mahaifina a'a? In haihu a nan, babu Umma, babu mai dafa mini ruwan wanka, babu wanda zan ce wa bayana na ciwo ya gane?"

"Ina nan ai..."

"Kana ina? Kana cikin talabijin!"

Ya kau da kai. Ni kuwa raina ya gama ɓaci. In na bi Abba na rasa mijina, in na zauna na saɓa wa wanda ya haife ni, kuma ko'ina na juya kwali nake gani. Na ɗauko almakashi na farke katan ɗin da ke kusa da ni.

"Me za ki yi?!"

Na zaro riga na sa mata almakashi.

"Radiyya! Jari ne fa!"

"Ɗanka ba shi da ko tsumma, Yaya. Ɗaki cike da riguna, shi ba shi da ko ɗaya!"

Ya miƙo hannu zai ƙwace, na riƙe gam.

"Su waɗannan mutanen naka, in sun faɗi bana suna da baɗi. In sun faɗi baɗi suna da wata shekarar. Ni haihuwar fari sau ɗaya zan yi ta. Ka faɗa mini da bakinka, sun ci kofin nan ko ba su ci ba?"

"Alƙalin..."

"Sun ci ko ba su ci ba?!"

Ya janye hannunsa, ya juya ya danna kaset ɗinsa.

Na yi kuka har na gode Allah. Da na share hawaye sai na ɗauko zare da allura. Kwanakin da suka rage ban ƙara roƙonsa ba, ɗinki kawai nake yi. Na fitar da wata 'yar riga da ba ta fi tafin hannunsa biyu ba. Rubutun ya yi mata yawa, sai lambar shekarar ce ta fito a ƙirji, da takwas ɗinta.

Ranar Litinin da safe Imoro ya zo ɗaukar akwatina. Ranar ce kuma ake nuna wasansu a otal, na ga Yaya ya riga ya sa takalmi.

"Zan tafi, Yaya."

"Allah ya kiyaye hanya." Bai ɗago ba.

"Ka yafe mini in na saɓa maka."

"Ba ki yi mini komai ba."

Na ɗora 'yar rigar a kan talabijin, yadda hannayenta suka rufe gilashin, na fita.

A cikin tasi zuwa filin jirgin Baiyun, ni da Abba muna baya. Imoro ne ya waiwayo daga gaba.

"Amarya, kar ka yi kuka. Zayyad yana son ka."

"Na sani," na ce. Abin da ya fi ciwo ke nan.

Muka shiga layin awon kaya. Ina ta waiwaye har wuyana ya gaji. Layi na ta matsawa. Saura mutum kaɗan a gabanmu na daina waiwaye, na dafa cikina na ce a raina, kai ma ka yi haƙuri.

"Radiyya!"

Na juya. Yana kutsowa cikin mutane, gumi sharkaf, babu akwati, babu komai sai fasfo a hannu. Kuma sanye yake da rigar! Koriya shar, da ZAKARUN DUNIYA ɓaro-ɓaro a ƙirji. Rigar da tun Janairu yake ɓoyewa a cikin kwali.

Wani Bature mai jakar goyo da ke layin gefe ya nuna shi ya tuntsire da dariya, ya faɗi wata magana da Turanci. Na ga Yaya ya tsaya cak. Na ce shi ke nan, zai juya.

Sai ya gyaɗa wa Baturen kai ya amsa masa a taƙaice, ya ƙaraso gabana.

"Me ya ce maka?"

"Cewa ya yi ai sun faɗi."

"Kai me ka ce?"

"Na ce na sani." Idonsa ya kawo ruwa. Ya zaro 'yar rigar daga aljihu, ta dunƙule a hannunsa. "Sun faɗi, Radiyya. Tun Janairu suka faɗi, ba alƙali ba ne, an fi su ne ranar. Ni ma na faɗi. Na zo zan kunna kaset sai na ga wannan... na kasa ɗage ta."

Na toshe bakina da mayafi, kuka ya ƙwace mini.

Ya durƙusa a gaban Abba a tsakiyar mutane.

"Abba, ba ni da tikiti. Na zo ne ko a nan ku ji daga bakina, ba zan sake ta ba. Zan biyo jirgin da na samu."

Abba ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa ya fito da tikiti, ya miƙa masa.

"Kujera uku na yanka tun daga Kano. Tashi, kana tare wa mutane hanya." Ya ƙare wa rigar kallo. "Imoro, kwalayen nan ka sa su a jirgin ruwa. Kore da ruwan ɗorawa ne, kalar ƙungiyar ƙwallon Kano, yaran Masu Gida za su saye su, ba ruwansu da karatun da ke jiki."

Na haihu a ɗakin Umma, namiji, aka sa masa Alhasan. Ranar da muka yi arba'in Yaya ya zo da yamma, daga Kwari, da ƙurar kasuwa a ƙafarsa. Ana zaune a tsakar gida ƙanena Ƙasimu ya leƙo yana dariya.

"Mai Kofi! Imoro ya bugo waya shagon Abba. Wai mutanenka an sake fitar da su, bana ko wasan ƙarshe ba su kai ba!"

Na zuba wa Yaya ido.

"Allah ya ba su haƙuri," ya ce. Ya miƙo hannu biyu. "Ba ni shi, rabin raina."

Na miƙa masa Alhasan a cikin 'yar koriyar rigarsa. Har ta fara matse shi, takwas ɗin ta miƙe a kan tumbinsa. Yaya ya sa yatsa ya gyara masa wuyan rigar, ya ce gobe sai in yanka wata, in ƙara mata girma.